Ƙwayoyi Tara da Alheri Ta Bari

Shekarar da gwamnati ta gina ƙaramin asibiti a Unguwar Audi, wani ƙauye da ke can bayan Damari a ƙasar Sabuwa, babu wanda ya kai Inna Safara'u jin haushi. Ita ce ungozomar garin. Shekara talatin da 'yan kai tana karɓar haihuwa, kusan duk magidancin da ke saɓa fartanya a ƙauyen ita ta yanke masa cibiya. Sai ga shi an turo wata 'yar siririyar yarinya mai fararen kaya, sunanta Alheri, daga wani ƙauye a ƙasar Ƙanƙara, wai ita za ta riƙa duba masu ciki. Yarinyar ko aure ba ta yi ba, ga shi kuma ba musulma ba ce.

"Wadda ba ta taɓa jin naƙuda ba, mi ta sani?" Haka Inna Safara'u ke cewa duk inda mata suka taru.

Alheri ba ta taɓa mayar mata da magana ba. Kullum da safe in za ta buɗe asibiti sai ta biyo ta gidan, ta durƙusa har ƙasa ta gaishe ta. Inna ta amsa a daƙile, ko ta yi kamar ba ta ji ba. Wata uku ana haka.

Haihuwar matar mai unguwa ce ta shirya su. Matar ta haihu lafiya a hannun Inna, mabiyiya ta faɗo, sai jini ya ɓalle. Inna ta san irin wannan jini, ta kuma san inda yake ƙarewa. Shi ne ya ɗauke ƙanwarta shekaru da yawa baya, tana riƙe da ita. Ta ba da jiƙo, aka kawo rubutu, jinin bai ko rage ba. Ba ta san wanda ya kira Alheri ba, sai dai ganinta ta yi ta faɗo ɗakin da jaka, tana haki. Yarinyar ta yi wa matar allura a cinya, ta dunƙule hannu tana murza mata mara da ƙarfi, ta rataye ledar ƙarin ruwa a ƙusar da ake rataye fitila. Inna na rakuɓe a gefe tana kallo, jinin ya fara ja baya, ya koma ɗiga, ya tsaya.

Washegari Inna Safara'u ta ɗauki kwanon fura da kanta ta tafi asibitin da ta rantse ba za ta taka ba. Ta ajiye kwanon a kan tebur.

"Ke 'yar nan, abin da kika yi jiya, ki nuna mani."

Daga ranar suka zama tamkar uwa da ɗiya. Inna ke shiga gida gida tana tattaro masu ciki zuwa awo, tana lallashin mazan da suka ƙi, wanda ya yi taurin kai ta tuna masa ita ta fara yi masa wanka a duniya. Alheri kuma ta koya mata wanke hannu har gwiwar hannu, da murza mara, da alamun da ke nuna haihuwa ta fi ƙarfin ƙauye.

A waɗannan shekaru asibitin yana da rai. Duk ƙarshen wata farar mota kan shigo da katon-katon na magani. Akwai firiji mai aiki da hasken rana inda ake ajiye alluran rigakafi da ta tsayar da jini. Akwai keke mai ƙafa uku da gado a bayansa, ana ba da man da zai kai mara lafiya babban asibiti. Da damina ta faɗi ana bi gida gida ana ba yara maganin zazzaɓin cizon sauro tun kafin ya kama su.

Shekara shida ana haka, kuma a cikinsu mace ko ɗaya ba ta mutu wurin haihuwa a Unguwar Audi ba. A da, in damina ta yi tsakiya, da wuya a yi mako ba a ga maza sun nufi makabarta da yaro naɗe a tabarma ba. Yanzu sai a yi wata biyu ba a yi ba. Mutane suka ce Allah Ya kawo sauƙi. Inna ma haka ta ce, da zuciya ɗaya, sai dai ita ta ga hanyar da sauƙin ke biyowa, don sau da yawa da ita ake sauke kayan motar.

Ba a rana ɗaya abin ya lalace ba. Motar ta koma zuwa bayan wata biyu, da rabin kayan da ta saba kawowa. Batirin firiji ya mutu, Alheri ta rubuta takarda sau uku, ba wanda ya zo. Aka daina ba da man keke, ya zauna a gindin dalbejiya har tayoyinsa suka sace, kaji suka mai da ƙarƙashinsa wurin ƙwai. Daga nan motar ta daina zuwa gaba ɗaya.

"Wai mi muka yi masu?" Inna ta tambaya wata rana, suna zaune a barandar asibitin, kantocin magani a bayansu wayam.

"Ba ku yi komai ba, Inna. An ce kuɗin da ake ware wa lafiya ne ya ragu. Harkar tsaro ta ci nata, ga shi komai ya yi tsada. Abin da ya rage ba ya kaiwa ƙananan wurare irin namu."

"To masu haihuwar an ce masu su dakata?"

Alheri ta sunkuyar da kai, tana wasa da makullan da ke hannunta.

Bayan Sallar layya takarda ta zo. An tattara ma'aikatan ƙananan asibitoci an mai da su manyan garuruwa, ita Alheri an tura ta wajen Pauwa. Ranar da za ta tafi, bayan an ɗaure kayanta a kan babur, ta ja Inna cikin ɗaki ta miƙa mata wani ɗan ƙullin leda.

"Abin da ya rage mani ke nan. Ƙwayar tsayar da jini ce, ba ta buƙatar firiji. Guda tara ce. Uku ake ba mace ɗaya, bayan jariri ya fito, kin kuma tabbata babu wani a ciki. Ta mutum uku ce, Inna. Ki yafe mani, da da ƙari da na bar maki."

Inna ta karɓa. Sai da babur ya tashi ta ɗaga murya: "Allah Shi yi maki albarka, ɗiyata."

Ta zuba ƙwayoyin a wani tsohon gwangwanin man shafawa ta sa a jakarta ta aiki. Lokacin Alheri, duk wadda ta haihu ana ba ta maganin tun kafin a ga jini. Inna ta san yanzu ba za ta iya haka ba, dole ta jira sai jinin ya nuna kansa. Cikin wata biyar ta karɓi haihuwa goma sha ɗaya. Uku na farko ta ba wata mai tagwaye. Uku na biyu ta ba matar ladan, wadda ta suma a hannunta ta farfaɗo. Saura uku. Waɗannan kam ta riga ta yi masu mai su.

Hafiza ɗiyar ƙanwarta ce, wadda jini ya ɗauke. Tana 'yar shekara huɗu Inna ta ɗauke ta, ta raine ta, ta aurar da ita ga Sanusi, wani manomi mai sanyin hali da ke gida na uku daga nata. Wannan ne cikinta na huɗu. A haihuwar da ta gabata ta zubar da jini sosai, sai da Alheri ta yi mata allura biyu, ta kuma ja mata kunne cewa ta gaba a babban asibiti za a yi ta. Sun riga sun tsara: da watan haihuwa ya kama, Sanusi zai kai ta Sabuwa wurin yayarsa ta zauna har ta sauka. Inna ta kuma sa shi ya tambayi maganin a kemis-kemis na Damari da Sabuwa, ta ba shi bawon ledar ya nuna. Ya dawo ya ce duk sun ce babu.

Wata ranar Talata bayan azahar, damina ta yi nisa, gero ya fara fitar da kai, wani makiyayi mai suna Bilya ya yi sallama a ƙofar gidan Inna, ƙafafunsa duk taɓo. Daga rugar da ke hayin rafi yake. Matarsa Halimatu Sa'adiya ta haihu tun hantsi, jini ya ƙi tsayawa, tsofaffinsu sun yi iya yinsu.

Inna ta saɓi jakarta ta bi shi. Da ta sunkuya ta shiga bukkar, ƙarni ne ya fara tarar ta. Yarinya ce ƙarama, haihuwar fari, leɓɓanta sun yi fari fat, idanunta na lumshewa. Inna ta durƙusa tana murza mata mara kamar yadda aka koya mata. Ta sa aka ɗora mata jaririn a nono. Mahaifar ta ɗan taurare a ƙarƙashin hannunta, ta sake saki, jini ya sake zubowa da gudaji.

Gwangwanin na cikin jaka, dab da gwiwarta. Ba wanda ya san da shi a bukkar. In ta tashi ta ce ta yi iya ƙoƙarinta, ba mai zarginta, har godiya za su yi mata. Ta tuna Hafiza da safen nan, tana tankaɗe a tsakar gida, ciki ya yi mata nauyi, tana dariyar yadda ba ta iya ganin yatsun ƙafarta. Ta ci gaba da murzawa, tana fatan jinin ya tsaya don kansa ya raba ta da wannan shawara. Bai tsaya ba. Uwar yarinyar, wata tsohuwa mai zanen baƙi, ta kama hannun Inna ta riƙe.

Inna ta buɗe jakar.

Kafin la'asar sakaliya jinin ya ɗauke. Halimatu ta buɗe ido ta nemi ruwa. Suka cika Inna da godiya, suka ba ta ƙwaryar nono da man shanu, Bilya ya rako ta har bakin rafi. Ba gidanta ta nufa ba, wurin Hafiza ta wuce, ta zauna a kan turmi ta faɗa mata abin da ta yi, kanta a ƙasa.

Hafiza ta yi murmushi. "Haba Inna. Da kin hana ta, mi za ki ce wa Allah? Ni ai asibiti za a kai ni. Saura mako uku fa."

"Ku tafi gobe."

"Ya ce shi ƙarasa huɗar masara, Juma'a ta sama mu tafi. Ki kwantar da hankalinki."

Haihuwar ba ta jira Juma'a ta sama ba. Ranar Litinin, bayan ruwan da aka kwana ana yi, Hafiza ta tashi da ciwon baya. Kafin rana ta ɗaga naƙuda ta kankama, babu halin ɗora ta a babur. Da hantsi ta haifi ɗiya mace, ƙatuwa, mai kuka da ƙarfi. Mabiyiya ta biyo baya ba wahala. Matan gidan suka fara guɗa. Inna ba ta yi murna ba tukuna, idonta na kan tsumman da ta shimfiɗa. Ta ga jan ya fara yaɗuwa a hankali, sannan ya zo gaba ɗaya.

Ta murza. Ta sa jaririyar a nono. Ta sake murzawa har hannunta ya sage. Ta canza zani, ta sake canza wani.

Tsakanin Inna da Sanusi akwai kunyar surukuta. Shekara goma sha ɗaya da aurensa da Hafiza ba ta taɓa kiran sunansa ba, in sun haɗu a hanya shi kan ratse ya durƙusa daga nesa. Ran nan ta fito tsakar gida, hannuwanta jina-jina, ta ƙwala kira:

"Sanusi! Sanusi! Kira mani Alheri, ka fiddo babur!"

Sai da ya hau tudun bayan gida wayar ta shiga. Ya dawo da gudu da saƙo: a taho da ita yanzu-yanzu, asibitin da ya fi kusa, Inna ta danne marar kada ta saki ko kaɗan.

Suka ɗora Hafiza a tsakiya. Sanusi a gaba, Inna a baya, ta zagayo da hannu ɗaya ta rungume ta, ɗayan ta dunƙule ta danne marar. Aka ɗaure su biyun da zani don kada ta zame. Suka bi ta gaban asibitin ƙauyen, ƙofarsa da kwaɗo, ciyawa ta kai taga.

Hanyar duk ta zama taɓo. Babur na zillo, Sanusi na kafa ƙafa yana turawa. Da suka iso rafi suka tarar ya cika ya shafe mashigin. Manoman da ke bakin gona suka yar da fartanyu suka rugo ba tare da an kira su ba. Huɗu suka ɗauki babur a kafaɗa, uku suka tallabi Hafiza sama, Inna na biye da su cikin ruwa har ƙirji, hannunta bai bar marar ba. A hayi aka sake ɗaure su.

"Inna," in ji Hafiza, muryarta can ƙasa, "sanyi nake ji."

"Ruwa ne ya taɓa ki. Mun kusa."

"An ba yarinyar nono?"

"Ta sha. Tana hannun matar wansa. Yi shiru, ki yi ta salati."

Ta ji Hafiza na motsa leɓɓa na ɗan lokaci. Can kan Hafiza ya kwanto a kafaɗarta, jikin ya ƙara nauyi, irin nauyin da Inna ta sani sarai. Ba ta ce wa Sanusi komai ba. Ta ci gaba da danne marar, shi kuma ya ci gaba da gudu, suka yi tafiya mai nisa a haka, har rufin kwanon Damari ya fara bayyana. Sannan ta ce:

"Tsaya, Sanusi."

"Ga gari can, Inna, mun iso."

"Tsaya, ɗana. Mu mai da ita gida."

Ya tsaya a gindin wata ɗorawa. Bai juyo ba. Ya kifa kansa a kan babur, kafaɗunsa na rawa, yana maimaita innalillahi.

Inna ce ta yi mata wanka, don ba ta yarda wani hannu ya taɓa ta ba. Ta tsefe mata kitson da ita ta yi mata kwana huɗu da suka wuce. Kafin la'asar an kai ta.

A zaman makoki kowa abu ɗaya yake faɗa: kwana ya ƙare, ba mai wuce ranarsa. Inna na amsawa da "haka ne", kuma ba ƙarya take yi ba, ta yi imani da hakan tun tana yarinya. Amma in ta sunkuyar da kai, ƙwayoyi uku take gani, farare, ƙanana, ba su kai ƙwayar wake ba. Ta rasa yadda za ta ajiye abubuwan nan biyu wuri ɗaya a zuciyarta, kuma ba ta da wanda za ta tambaya ba tare da an ce ta yi saɓo ba.

Ranar sadakar uku sai ga Halimatu Sa'adiya, da jaririnta a goye, ta ɗauko ƙwaryar nono ta zo gaisuwa. Ba ta san komai game da gwangwanin ba. Ta durƙusa gaban Inna, ta rame amma jini ya dawo mata a fuska, ta yi ta'aziyya da Hausarta mai gargada. Inna ta dube ta, ta dubi wuyanta inda jijiya ke harbawa. Ta kau da kai. Ba ta amsa ba. Matan da ke wurin suka amsa a madadinta, suna cewa a yi mata uzuri, baƙin ciki ne. Yarinyar ta ajiye ƙwaryar ta tashi jiki a sanyaye.

Wannan kau da kan ya dami Inna fiye da yadda ta zata. Kwana biyu tana istigfari. A na uku ta haye rafi ta je rugar, ta karɓi jaririn ta yi masa wasa, ta duba cibiyarsa, ta ce wa uwar ta riƙa cin zogale da wake. Har ta dawo ba ta faɗi abin da ya kai ta ba.

Bayan an yi girbi mai unguwa ya aiko mata. Za a yi taro a cikin garin Sabuwa, inda jama'a ke faɗin buƙatunsu kafin a tsara kasafin kuɗin baɗi, an ce kowane yanki ya zo da mace ɗaya. Mazan sun riga sun shirya nasu: taki da kwalbati. Ita dai ana so ta cika lissafi.

A wani ajin makaranta aka yi taron. Jami'in da ke rubuta buƙatu, Malam Salahuddeen, mutum ne mai furfura a gemu, da gajiya a fuska. Da aka zo kan Unguwar Audi mai unguwa ya karanta taki da kwalbati ya zauna. Malam Salahuddeen ya ɗaga kai don cika ƙa'ida.

"Hajiya, ko akwai abin da mata ke so a ƙara?"

Inna ba ta taɓa magana gaban maza masu yawa haka ba. Ta miƙe, ta gyara mayafi.

"Malam, ni ungozoma ce, ban yi boko ba. Shekara shida kuna aiko mana da magani da ma'aikaciya, mace ko ɗaya ba mu binne ba ta dalilin haihuwa. Kuka daina. Aka bar mani maganin mutum uku, mata goma sha uku suka haihu a hannuna. Ni aka bari in zaɓi wadda za a ba. Na zaɓa, ɗiyata ta mutu a kan babur." Ta dube shi. "Ban zo in ce wani ya kashe ta ba. Tambaya nake: wanga zaɓi, don mi aka bar shi a hannun tsohuwa irina?"

Malam Salahuddeen ya ajiye biro.

"Allah Ya jiƙanta, Hajiya. Abin da kika faɗa, wallahi muna da shi a rubuce, ba na ƙauyenku kaɗai ba. Shekarar da aka ƙara kuɗin lafiya, mutuwar mata da ƙananan yara sauka take yi. Shekarar da aka rage, sai ta hau. Ba a nan kaɗai ba, duk ƙasashe irin namu haka abin yake."

"Ashe kun sani."

"Mun sani."

"To tunda kun sani?"

Ya dubi takardun gabansa. "Ni rubutawa nake yi in tura sama. Ba ni ke rabon ba."

"Wa ke yi? A kai ni wurinshi."

Wasu daga baya suka yi 'yar dariya, mai unguwa ya yi mata alama da hannu ta zauna. Malam Salahuddeen bai yi dariya ba. Ya ce zai sa maganarta a layin farko, ya kuma juyo da takardar ya nuna mata inda ya rubuta, ko da yake ba ta iya karantawa.

Wata huɗu bayan nan aka buɗe kwaɗon asibitin. An turo wani saurayi, Malam Adnan, yana zuwa Litinin da Alhamis a kan babur, da katon ɗaya na magani. Yana da kirki, yana duba yara da masu zazzaɓi, amma ba a koya masa karɓar haihuwa ba, firiji kuma yana nan a mace, don haka babu rigakafi. Ya kawo wa Inna ƙwayar tsayar da jini ta mutum biyar, ya ce bai san ranar da wata za ta zo ba. Da bazara ƙyanda ta shigo garin ta ɗauki yara shida. Wata amarya a bayan masallaci ta mutu da cikin fari, jijjiga ta kama ta ranar Asabar, ranar da Malam Adnan ba ya nan.

Jaririyar Hafiza ta rayu. An sa mata sunan uwarta, ana kiranta Nana. Matar wan Sanusi ce ta shayar da ita, amma a bayan Inna take wuni. Ƙyandar ta kama ta ita ma, ta yi kwana tara ba a san inda za ta faɗa ba, sannan ta tashi.

Ba a daɗe da warkewarta ba Sanusi ya yi sallama a zauren Inna, ya durƙusa daga bakin ƙofa kamar yadda ya saba.

"Inna, shawara na zo da ita. Wani abokina ya samo mani rumfa a Sheme, bakin titi. Zan bar wa yayana gonar in koma can da yaran. Ko ba komai, in ciwo ya tashi akwai mota." Ya ɗago kai. "Na kama ɗaki biyu. Ɗaya naki ne."

Inna ta sunkuya ta dubi jikarta. Nana na barci a cinyarta, tabon ƙyanda bai gama bajewa a goshinta ba.

"Ka yi daidai," ta ce. "Ka tafi da su. Ka kai ta a yi mata duk alluran da ba ta samu ba."

"Ke fa, Inna?"

"Mata bakwai ke da ciki a garin ga yanzu. Biyu na watansu."

Ya yi ta roƙo, ta ce a'a. Ranar kasuwar Damari aka kawo a-kori-kura aka loda gado da buhunan masara da tukwane. Inna ta goyo Nana har bakin mota, ta kwance ta da kanta ta miƙa wa babbar yayarta, ta yi ta jaddada mata yadda ake dama kunun da yarinyar ke so, kada a cika tsami. Nana ta fara kuka tana miƙo hannu. Direba ya ce rana na yi.

Inna ta tsaya har motar ta sha kwanar gonakin rake. A hanyar komawa ta tsaya gidan ɗaya daga cikin masu watan, ta tarar ƙafafunta sun kumbura har ƙauri, tana kukan ciwon kai tun jiya. Alamun jijjiga ne. Ranar Juma'a ce, Malam Adnan sai Litinin. Inna ta aika a kira mijin daga gona, ta zauna a bakin ƙofa tana jiransa.